Saje Kabo da Taɓaryar Janar

A shekarun nan da ake rushe gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa shi, akwai wani mutum a unguwar Hindawiyya da ake kira Kabo. Mutumin ƙasar Kano ne, ya zo Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, ya sauke farali, daga nan kuma bai sake tayar da zancen komawa ba. Sana'arsa gwanjo: tsofaffin butoci, fitilun ƙwai, kwaɗo marar mabuɗi, mabuɗi marar kwaɗo. Yana da jaki guda da yake ɗora wa kayan, da matarsa Hure mai tuyar waina a ƙofar gida.

Amma in ka tambayi Kabo aikinsa, soja zai ce maka. Saje Kabo. Kullum bayan la'asar yana kan benci a gahawar bakin titi, inda Hausawan unguwa ke shan shayi, yana ba da labarin yadda ya bi rundunar Faransa daga Fort-Lami har saharar Libiya, da yadda ya kama Jamusawa bakwai rana ɗaya da igiya ɗaya. Ranar da shayin ya ji sukari, sukan kai goma sha ɗaya.

Mutum ɗaya ne Kabo ba ya yin wannan hira a gabansa, wato Baba Maman wanzami, wani tsoho mutumin Tawa. Shi an san ya yi wa Faransa soja da gaske, har ya yi shekara uku a hannun Jamus, amma bai taɓa buɗe baki ya ba da labarin ba. Da zarar Kabo ya hango shi tafe da zabirarsa, sai ka ji Jamusawan sun ɓace, an koma zancen tsadar albasa.

To bayan aikin hajjin wata shekara, sai Awwalu direba, mai jigila tsakanin Makka da Jidda, ya zo gahawa da labari. Ya ce Turawan kamfani da ke Jidda sun haukace a kan tsofaffin kayan yaƙin Jamus, suna tarawa suna ratayewa a bango. Da idonsa ya ga wani ya kwance agogon hannunsa ya bayar a kan tsohuwar hular kwano.

Kabo ya ajiye kofin shayinsa. "Matsalar a nan," in ji shi, "ita ce ganewa. Kowa yana iya tara ƙarfe. Amma wa zai duba ya ce wannan na Jamus ne, wannan na Taliya ne? A duk ƙasar Hijaz ba na jin mun kai mu biyu."

"Wane ne ɗayan?" in ji Dauda tela.

"Ya rasu."

Kwana uku bayan haka, a kasuwar gwanjo, Kabo ya ci karo da wani tsohon alhaji mutumin Libiya yana zaune a kan akwatin katako, yana neman mai saye kafin jirgin ruwansu ya tashi. Tsohon ya ce a ƙasarsu irin waɗannan kaya a cikin yashi suke, makiyaya ke tsinta. Kabo ya leƙa akwatin sau ɗaya ya rufe da sauri, kada wani ya gani. Kafin azahar ya sayar da jakinsa. Ya shigo gida da akwatin a ka, wuyansa ya noƙe.

Hure ta dube shi, ta leƙa bayansa. "Malam, ina jakin?"

"Jaki ya zama jari."

"Na ji. Ina jakin?"

"Hure, nan da wata guda mota za ki shiga. Matso ki ga abin da ko matan pasha, manyan masu mulkin Turkawa, ba su taɓa gani ba."

Ya shimfiɗa tabarma ya fara fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Ga hular kwano mai tsatsa. Ga wani abin rufe fuska na roba, mai idanun gilashi biyu da baki zungurere. Ga wata baƙar lambar ƙarfe mai kusurwa huɗu. Ga kan ɗamara mai hoton tsuntsu, wanda Kabo ya ce gaggafa ce, Hure ta ce ita kaza take gani. Kowanne ya ɗauka sai ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne.

"Me kake saurare?"

"Ƙarfen Jamus sau uku yake amsawa. Na Ingila sau biyu. Na Taliya ba ya amsawa sam, shi ya sa aka ci su da yaƙi."

Daga can ƙasan akwatin ya zaro wani abu mai tsawon kamu ɗaya, mariƙinsa na itace, kansa na ƙarfe kamar gwangwanin madara. Ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Wannan fa?" in ji Hure.

"Wannan? Taɓarya ce. Taɓaryar daka yaji ta kukun babban janar ɗinsu na sahara. Jamus ba sa cin abinci sai da yaji, shi ya sa suke da zafin rai."

Hure ta karɓa ta jinjina a hannu. "To, a cikin jakin nan gaba ɗaya wannan ce kaɗai mai amfani." Ta wuce da ita madafa. Kabo ya so ya hana, sai ya ga fuskarta, ya ce ta riƙe aro.

Washegari ya sa wani mai rubutun allon shago ya rubuta masa da manyan baƙaƙen Larabci: Saje Kabo, Masanin Kayan Yaƙin Jamus. Ya kafa allon a ƙofar gida, saman kaskon wainar Hure. Sannan ya kifa hular kwano a ka ya fita zaga unguwa, don jama'a su san an fara.

Ranar Makka ce, kuma tsakar rana. Kafin ya kai ƙarshen layi hular ta fara ɗumi. Kafin ya kai gahawa ta zama kasko. Gumi ya riƙa kwarara ta bayan kunnuwansa, amma mutane na kallo, don haka ya ci gaba da tafiya yana buga ƙafa. Da ya kai hannu zai ɗan ɗaga ta, yatsunsa suka ƙone, ya sake ta ta koma ta zauna daram.

"Saje, hayaƙi ne nake gani?" in ji Dauda tela daga bakin shagonsa.

"Haka aka ƙera ta. Tana dafa ƙwaƙwalwa ne don soja ya yi tunani da sauri."

Tunanin da ya yi da sauri shi ne ya tsoma kansa, da hular da komai, a cikin garwar wani mai sayar da ruwa da ke wucewa. Mai ruwan, wani Bayamane, ya bi shi da zagi har ƙofar gida. Kwana biyu Hure tana shafa masa man shanu a tsakar ka.

Duk da haka labari ya bazu, aka fara kawo masa ƙarafa yana dubawa. Wanda ya kawo murfin tukunya, Kabo ya ce na Ingila ne, a mayar. Wanda ya kawo ƙarfen linzami, ya ce na Taliya ne, bai amsa ba. Ran nan sai ga Dauda tela da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi a naɗe cikin ƙyalle, ya ce wani baƙo ne ya bar masa.

Kabo ya ƙwanƙwasa, ya saurara, idanunsa suka fito. Ya jawo Dauda gefe. "Ka san abin da kake riƙe da shi? Kunamar bindigar jirgin sama ce. Ka ga rubutun nan? Sunan matuƙin ne."

"Ka iya karatun Jamus ke nan?"

"Kamar Fatiha."

"To ai a kife ka riƙe shi."

"Su daga ƙasa suke karantawa."

Kabo ya ba shi zakaran Hure ya karɓi ƙarfen. Da yamma sai ga Dauda ya dawo, ya yi sallama a gaban mutanen gahawa, ya ce don Allah Saje ya ara masa kunamar jirgin nan zuwa gobe, yana da ɗinkin da zai gama, kekensa kuma ba ya tafiya in babu ita. Aka yi dariya har mai gahawa ya zubar da shayi. Kabo bai ko murmusa ba. Ya ce ai sananne ne Jamus da kayan jirgi suke ƙera keken ɗinki tun da aka gama yaƙi, wanda bai sani ba ya tambaya. Zakara kuwa an riga an yanka.

Ranar Juma'a ya maƙala baƙar lambar nan a ƙirjin rigarsa ya nufi masallacin unguwa. Liman, wani dattijo mutumin Sakkwato mai raunin gani, ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ya kawo fuskarsa daf da ƙirjinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji Kabo, salibi ne nake gani? Alamar Nasara ka rataya, a garin Makka, ranar Juma'a?"

"Allah gafarta Malam, ba salibi ba ne. Farfelar jirgi ce. Ƙarama."

"Farfela tana juyawa. Juya ta in gani."

Kabo ya murɗa, allurar da ke bayanta ta shige masa nama. Ya haɗiye ihun, ya cire ta ya cusa a aljihu, ya ce ta gaji ne, ta daɗe ba a sa mata mai ba. Liman ya ce ya je ya ajiye farfelarsa a gida tukuna ya dawo, kuma ya yi istigfari a hanya, ko da farfelar ce.

Abin rufe fuskar nan ne ya fi ba shi wahala. Ya bayyana wa maƙwabta cewa fuskar tsoratar da abokan gaba ce, Jamus kan sa ta su leƙo daga rami, sojan Ingila ya gani ya suma. Aka ce ya gwada. Ya sa. Wata tsohuwa da ta zo sayen waina ta watsar da kwanonta tana neman tsari, awakin layi suka yi ta kansu. Sai dai robar ta shekara ashirin a yashi, ta haɗu da zafi da gumi, ta narke ta kama gemunsa. Kabo ya yi ta magana a ciki ba mai jin abin da yake cewa, yana ta nuni da hannu, mutane suna tafa masa don sun ɗauka wasan ne. Sai da ya zauna daɓas a ƙasa Hure ta gane, ta ɗauko almakashi. Fuska ta fita da rabin gemu a cikinta.

Ita kuwa taɓarya, a duk wannan lokaci, aikinta take yi. Gajera ce, kanta da nauyi, ta dace da ƙaramin turmi. Shatu maƙwabciyarsu ta ara ta daka yajin suna. Daga gidan Shatu ta wuce gidan Hajara, daga nan ta zaga layi biyu, har aka fara aiko wa Hure cewa in taɓaryar janar ta huta a ba da ita.

Awwalu direba ya ce ranar Asabar zai kai kayan Jidda. Kabo ya ga bai kamata irin wannan dukiya ta bar Makka jama'a ba su yi mata kallon ƙarshe ba. Ya kuma ji cewa Baba Maman ya tafi ziyara Madina, ba zai dawo ba sai mako mai zuwa. Don haka ya sa ranar Alhamis da hantsi, ya aika gida-gida.

Aka cika tsakar gidan, maza a gaba, mata a bayan zana, wasu a kan katanga. Kabo ya fito da rabin gemu, ya naɗe sauran da rawani. Ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana bayani, ya bar taɓarya a ƙarshe don ita ce ta yi suna. An karɓo ta daga gidan Hajara da safen nan, ko wanke ta ba a yi ba, kanta jawur da barkono.

Yana jujjuya ta a hannu sai ya lura, karo na farko, cewa gindin mariƙin yana da ɗan murfin ƙarfe. Bai nuna mamaki ba.

"Yanzu zan nuna muku abin da ban nuna wa kowa ba. Nan ne kuku yake ajiye gishiri."

Ya murɗa. Murfin ya yi gardama, ya sa haƙori, ya buɗe. Gishiri bai zubo ba. Wani farin dutse kamar ƙwayar carbi ne ya faɗo, yana lilo a jikin siririyar igiya.

"Gishirin ya ƙare," in ji Dauda.

"Wannan igiyar ratayewa ce. Bajamushe ba ya ajiye kayan aikinsa a ƙasa." Kabo ya naɗa igiyar a ɗan yatsansa sau uku, ya ɗaga ido yana neman ƙusa a bango.

"Kabo."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito, ba da ƙarfi ba. Baba Maman ne tsaye da ƙurar hanya a ƙafarsa da zabira a kafaɗa. Motar da ya samu ta dawo da wuri.

"Kabo, kada ka ja. Kada ka motsa wanga hannu. Tsaya yadda kake."

"Baba, ai taɓaryar..."

"Gurneti na. In ka ja igiyar ga, ka ƙirga huɗu, babu kai, babu mu, babu katangar ga."

Baba Maman bai taɓa yin wasa da kowa ba, shi ya sa ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ƙwala ihu da Larabci, "Gumbula! Gumbula!" wato bam. Ƙofar gidan ta mutum ɗaya ce, mutum talatin suka nufe ta. Zana ta faɗi. Waɗanda ke kan katanga suka dira ta baya, kan kajin Shatu. Awwalu direba, mai ƙiba, ya bi ta tagar da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta bi. Cikin ƙiftawar ido tsakar gida ta zama takalma zalla, sai Kabo a tsakiya, hannu ɗaya sama, ɗaya a naɗe da igiya, da Baba Maman yana ajiye zabirarsa a hankali.

Daga rufin gidajen nesa shawarwari suka fara sauka.

"Ka jefa ta rijiya!"

"Wace rijiya? Ka tofa mata Ayatul Kursiyyu!"

"Saje, yi mata yadda kuke yi a Libiya!" Wannan muryar Dauda ce, daga can bayan tankin ruwa.

Shatu kuwa, a bayan katangarta, ta tuna cewa shekaranjiya da wannan abin ta fasa ƙashin rago, har tana ƙara ƙarfi don ya ƙi fashewa. Ta zauna a ƙasa ta fara salati.

Kabo bai ji ko ɗaya ba. Abin da ya dame shi daban ne. Kan gurnetin yana daf da fuskarsa, iska kuma tana kaɗo barkonon Hajara cikin hancinsa. Hancin ya fara motsi. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Baba," ya ce da ƙyar, "atishawa."

Hure ce ta amsa daga bayan randa, don ita ba ta fita ba. "Malam, haɗiye ta. Duk abin da ka haɗiye a gidan nan bai kai wannan muhimmanci ba."

Baba Maman ya matso, ya kama hancin Kabo da yatsu biyu na hannun hagu ya matse, irin matsewar wanzami. Da hannun dama ya fara warware igiyar, zagaye ɗaya, ya tsaya, zagaye na biyu, ya tsaya. Da ta fita ya mayar da farin dutsen cikin raminsa, ya tsinci murfin a ƙasa ya ɗaura, ya karɓi abin ya kwantar da shi a kan yashin alwala kamar jariri. Sannan ya saki hancin.

Atishawar da Kabo ya yi ta sa mutanen kan rufi suka kwanta rub da ciki.

Ihun gumbula ya riga ya kai bakin titi. Ba a jima ba sai ga motar askarawa, da wani hafsa siriri mai gashin baki, wanda da ganinsa ka san bai taɓa dariya a bakin aiki ba. Aka sa gurnetin a bokitin yashi, mutum biyu suka tafi da shi suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Aka tattara sauran kayan. Sannan hafsan ya sa aka kawo benci ƙofar gida, ya zauna tare da umda, wato mai unguwa, jama'a suka sauko suka kewaye. Ya ɗaga kai ya karanta allon da ke saman kaskon waina, a hankali, har ƙarshe.

"Wane ne Saje Kabo?"

Ba wanda ya nuna shi. Kowa dai ya matsa, sai ga shi shi kaɗai.

"Soja," in ji hafsan, "da makamin yaƙi, a cikin garin Makka. Sojan wace ƙasa? Wa ya aiko ka? Ku nawa ne?"

Nan Kabo ya ga abin da ke gabansa. Takardar zama ba shi da ita. In aka sa shi a motar nan, mafi sauƙin abin da zai same shi jirgin ruwan mayar da shi gida ne, Hure a nan, shi a can. Mafi wuya kuwa bai so ya tuna ba.

"Ranka ya daɗe, ni ba soja ba ne. Wallahi ban taɓa zama soja ba. Ɗan gwanjo ne ni."

"Allon ya ce Saje."

"Mai rubutun ne ya ƙara."

Hafsan ya juya ga jama'a. "Mutumin nan soja ne ko ba soja ba ne?"

Dauda tela ya gyara tsayuwa. "Mu dai, ranka ya daɗe, abin da ya faɗa mana, Jamusawa bakwai ya kama da igiya ɗaya."

"Ni tara na ji," in ji Awwalu.

"Goma sha ɗaya," in ji mai gahawa. "A shagona aka kama su."

Hafsan ya rubuta. Kabo ya ga alƙalamin yana tafiya, ya juya ga Dauda.

"Dauda, don girman Allah ka faɗi gaskiya. Shekara nawa muna tare? Ni maƙaryaci ne ko ba maƙaryaci ba ne?"

"Haba Saje. Ni ba zan ci mutuncinka a gaban hukuma ba."

"Ci! Na yafe! Awwalu, kai fa? Jama'a, ba wanda zai taimake ni ya ce ƙarya nake yi?"

Hafsan ya ce magana ɗaya ce: ko a samu shaidu biyu da za su tabbatar mutumin nan ba soja ba ne, ko ya shiga mota.

Sai Hure ta gyara mayafinta ta fito. Ta ce ita a Fort-Lami ya aure ta, kuma a gabanta aka yi yaƙin nasa duka. Damina ɗaya ya yi yana wanke tukwane a madafar bariki. Ranar da sojoji za su tashi zuwa sahara, shi yana kwance da ciwon ciki saboda ya sha ragowar miyarsu. Kafin su dawo an sallame shi, don ya fasa tulun kyaftin. Bajamushe kuwa, ko a hoto ba ta jin ya taɓa gani.

"Gaskiya ne?" in ji hafsan.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Kabo da sauri. "Tulu biyu ne ma."

Baba Maman ya zama na biyu. Ya ce shi ya yi soja, ya san tafiyar soja, ya san zamansa. "Wanga ko sandar kiwo aka ba shi, sai ya riƙe ta ta wajen da ba shi ba."

Shaidu biyu aka nema, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Dauda ya ce tunda abin taimako ne, shi ma zai taimaka, ya ba da labarin kunamar jirgi. Liman ya ba da na farfela. Bayamanen nan mai ruwa ya ratso taro ya ba da nasa. Wani ya ce Kabo ya taɓa sayar masa da fitila a kan ta Istanbul ce, ashe a nan Makka, a unguwar Jarwal, aka ƙera ta. Aka yi layi. Kowa ya gama, Kabo ya ce, "Haka ne, Allah ya saka da alheri." Hafsan ya cika shafi uku, ya ɗaga hannu ya ce ya isa, amma wata tsohuwa ta ce tun ɗazu take tsaye, ba za ta tafi ba sai an ji nata.

Daga ƙarshe hafsan ya rufe littafinsa. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin mutumin da unguwa guda ta haɗu a kansa haka ba. Ya damƙa Kabo a hannun umda, ya ce a sa masa ido, kada a sake barinsa kusa da wani abu mai murfi. Ya sa aka cire allon aka jefa a mota tare da akwatin, suka tafi.

Bayan la'asar unguwa ta lafa. Kabo yana ɗaki ya ja ƙofa, ya ce ba ya nan. Hure tana tsakar gida tana tattara takalman da aka bari, tana jera su a bakin ƙofa don masu su. Sai daga can bayan duwatsu, wajen gari, inda askarawa suka kai bokitin, aka ji wata ƙara mai nauyi. Ƙasa ta ɗan girgiza, tattabaru suka tashi gaba ɗaya, ƙura ta zubo daga azara.

Hure ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Can sai ga kan Shatu ya leƙo ta katanga.

"Hure, kin ji?"

"Na ji."

Kowace ta dubi hannuwanta.

"Amma fa tana daka yaji," in ji Shatu.

"Tana dakawa."

Daga cikin ɗaki wata murya ta fito a hankali. "Ai dole. Ƙirar Jamus ce, tun da na ƙwanƙwasa na ji ta amsa sau..."

"Malam," in ji Hure, ba ta ko juya ba, "a kira hafsan ne?"